Za mu je Columbus ranar Asabar, ina za mu kai yara?

Maman Iman: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ƙanin maigidana ya zo kwas ɗin soja a Fort Benning, barikin da ke gefen garin Columbus a jihar Jojiya, ranar Asabar za mu taso daga Atlanta mu gaishe shi. Sai bayan La'asar zai samu fitowa, ga mu da yara uku. Waɗanda suka san Columbus, ina za mu kai su kafin lokacin? Don Allah ban da kantuna, aljihu ya gaji.

Alhaji Sabo: Wa'alaikumus salam. Hanya a miƙe take, ku bi I-85 sannan ku karkata I-185, wajen awa ɗaya da rabi in babu cunkoso. Tunda soja za ku gani, ku wuce National Infantry Museum, gidan tarihin sojojin ƙasa da ke bakin barikin, wanda aka buɗe a 2009. Kana shiga za ka hau wata doguwar hanya da aka jera yaƙe-yaƙen Amurka hagu da dama, ga mutum-mutumin sojoji, ga jirgi mai saukar ungulu na zamanin yaƙin Biyetnam. Yara maza sai kin ja su da ƙarfi kafin su fito.

Malama Hadiza: Alhaji ba za ka canza ba, kai dai bindiga. Maman Iman, ni shawarata ku fara da Columbus Museum a titin Wynnton. Shiga kyauta ne. Abin da ya bambanta shi da na Atlanta, ya haɗa abu biyu a gida ɗaya: zane-zanen Amurkawa, da tarihin yankin kogin Chattahoochee. Tun 1953 yake, ya faro ne a gidan wani attajirin garin, W. C. Bradley, mai babban hannun jari a Coca-Cola. An rufe shi an yi gyara, aka sake buɗewa a 2024.

Amma ki ji wannan da kyau, ku fara da ɓangaren tarihi kafin na zane. Can za ku ga labarin ƙabilar Muscogee, masu ƙasar tun asali. An kafa garin a 1828, kafin shekara goma an kore su zuwa yamma, inda ake kira Oklahoma yanzu. Daga nan sai auduga, sai bayin da suka noma ta, sai masaƙun da aka gina a bakin kogi saboda ƙarfin ruwan wurin. In yaro ya ga wannan tukuna, hotunan manyan mutane da ke rataye a ɗaya ɓangaren ba za su zame masa ado kawai ba, zai tambayi daga ina kuɗin suka fito.

Alhaji Sabo: Tarihin na yarda. Amma zanen zamanin nan da ba a gane kansa balle ƙafarsa, mutum ya tsaya gaban allo yana gyaɗa kai, ni dai a kai kasuwa.

Malama Hadiza: To Alhaji, ka taɓa tsayawa gaban aikin Alma Thomas? Baƙar fata ce, a Columbus aka haife ta a 1891. Iyayenta suka kwashe su zuwa Washington a 1907, gudun wariya da neman makaranta ga 'ya'yansu. Ita ce ta fara kammala digiri a sashen zane na Jami'ar Howard, a 1924, ta koyar da yara shekara 35. Sai da ta yi ritaya a 1960 sannan ta fito da salon da aka san ta da shi. Daga nesa ka ce saƙar tabarma ce mai launi-launi. In ka matsa kusa sai ka ga kowane ɗigo shafar buroshi ɗaya ce, gajere, babu biyu da suka zo daidai, kuma farin ƙasan allon yana leƙowa tsakaninsu. Ta ce daga kallon wata bishiya ta tagar gidanta abin ya samo asali, yadda haske ke ratsa ganye. Tana da shekara 80, a 1972, ta zama baƙar mace ta farko da gidan zane na Whitney a New York ya yi wa baje koli ita kaɗai. Garin da iyayenta suka guje wa, yau shi ke adana kayanta da takardun gidansu. Su kan sauya abin da ke bango lokaci zuwa lokaci, don haka ki tambayi masu tebur a ƙofa inda nata yake.

Maman Iman: Kai, Anti Hadiza, kin sa ni ma ina son gani. Ƙaramin fa, shekararsa huɗu, ba ya zama wuri ɗaya.

Malama Hadiza: Akwai ɗakin yara inda ake barinsu su taɓa abu su yi zane. In ya fara rigima ku fita lambun baya, kamfanin 'ya'yan Olmsted, mutumin da ya tsara lambun Central Park na New York, shi ya zana shi. A can na kan zauna in huta ƙafa.

Injiniya Bashir: Ni abu ɗaya zan ƙara. Ku nemi sunan Horace King. Bawa ne, an haife shi a 1807 a Karolina ta Kudu, kuma shi ya jagoranci aikin gadar farko da ta haɗa Columbus da gefen Alabama a farkon shekarun 1830. Gadar katako ce mai rufi, an gicciya alluna an ɗaure su da turakun itace. Majalisar Alabama ta yi doka ta musamman ta 'yanta shi a 1846, bayan yaƙin basasar Amurka kuma ya zama ɗan majalisar jihar. Abin da har yau nake juyawa a raina, da tsohon ubangidansa John Godwin ya mutu, King ne ya sa kuɗinsa ya gina masa dutsen kabari, yana nan a Phenix City, garin da ke tsallaken kogi a gefen Alabama. Wasu na cewa amana ce, wasu na cewa dabarar zama lafiya ce a wancan zamani. Ni na fi karkata ga cewa duka biyun ne. Gadar tasa ba ta nan, ambaliya ta tafi da ta farkon a 1841, wadda aka sake ginawa kuma an ƙone ta a Afrilun 1865 lokacin da sojojin jihohin arewacin ƙasar suka auka wa garin, amma in kun sauka hanyar ƙafa ta bakin kogi wajen titin Dillingham za ku tsaya daidai inda take a da.

Hajiya Rabi: Duk kun manta da ciki. Ƙanwata, ki yi guzurinki daga gida, ko dambu ne ki zuba a kula. Abincin Kudu da daɗi, amma ganyen da za ki gani kamar ba komai a cikinsa, sau da yawa da naman alade aka dafa shi, wake ma haka. In dole sai kun saya, ki tambaya ƙarara, ko ku tsaya ga kifi. Sannan ku tafi da darduma, tafiyar ta kai ta ƙasaru.

Alhaji Sabo: To tunda an taru a kaina, ku yi nata da safe, nawa bayan Azahar, ai daga can sai ƙofar bariki. Amma ku kula da agogo. Jojiya da Alabama awa ɗaya ne tsakaninsu, ko da yake mutanen Phenix City lokacin Columbus suke bi. Waya kan yi tsalle da kanta a bakin kogin, kada ku bar bawan Allah yana jira.

Maman Iman: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mun tsaya a kan haka: Wynnton da safe, bakin kogi mu ci abinci, sannan wajen sojoji. Hajiya Rabi, yajin nan naki na kwanaki akwai saura? Baƙon namu tun da ya sauka yake kukan abinci ba ɗanɗano.

Hajiya Rabi: Akwai. Ki aiko Iman gobe bayan makaranta, ta zo da kwalba.