Surukata 'yar ƙabilar Choctaw ta rasu, an ce ni zan yi magana a kanta

Ɗan Kano a Oklahoma:
Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Mahaifiyar matata ta rasu makon jiya a kusa da Durant, garin da hedkwatar ƙabilar Choctaw, ɗaya daga cikin ƙabilun asalin Amurka, take a kudancin jihar Oklahoma. Ta haura shekara 80. An yi jana'iza, amma ranar Asabar dangi za su taru a cocinsu, a rera waƙoƙin addini da yarensu, a ci abinci, kuma 'ya'yanta sun ce ni zan yi magana a madadin surukai.

Kun dai san tarbiyyarmu, ko sunanta ban taɓa kamawa ba. Pokni nake ce mata yadda jikoki suke kiranta. Baiwar Allah nan ita ta zauna wa matata jego duk haihuwar da ta yi. Akwai wani abincinsu na masara, tanchi labona, da naman alade ake dafa shi. Tun da ta san ni Musulmi ne ta koma sa kaza, har tukunya ta ware mana daban. Da azumi ita take tuna wa yara kada su dame ni da rana. Ta ce tana ƙarama an hana su yin yarensu a makarantar kwana, shi ya sa ta dage sai jikokinta sun iya gaisuwa da ƙirga da Choctaw. Me zan faɗa? Kuma yaya zan yi da zancen coci?

Maman Biyu, Zariya:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba matarka haƙuri. Ɗan uwa, ai ka riga ka rubuta jawabin naka a nan. Zancen tukunyar nan kaɗai ya isa. Kunyar suruka girmamawa ce, to su mutanen nan girmamawar da suka sani ita ce ka tashi ka ba da shaida. Ba sai ka kama sunanta ba, ka ce Pokni, ka kuma gaya musu dalili. Za su ji daɗi su san cewa a garinku haka ake girmama uwar mata.

Malamin Tarihi a Houston:
Ya kamata ka san nauyin abin da aka ɗora maka. A al'adar Choctaw ta asali ta wajen uwa ake bin dangantaka, saboda haka kakar wajen uwa ita ce tushen gida, kuma a wurinsu 'ya'yanka nata ne. Mutanen nan daga jihar Misisipi gwamnatin Amurka ta taso su bayan yarjejeniyar Dancing Rabbit Creek ta 1830. Tsakanin 1831 da 1833 aka kora su yamma, akasari a ƙasa, dubbai suka mutu saboda sanyi da yunwa da cuta. Duk da haka a 1847 suka tara kuɗi suka aika wa mutanen Ireland da yunwa ta addaba, har yau akwai abin tunawa da wannan kyauta a garin Midleton na ƙasar Ireland. Kyautatawar da ta yi maka gado ta yi. Amma kada ka je ka karanta musu tarihinsu, sun fi ka saninsa. Kai dai ka tsaya a kan abin da idonka ya gani.

Abu Safwan:
Game da coci, ka zauna da limamin masallacinku ya yi maka bayani. Abin da na sani, aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta halatta kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu ba, balle surukar da ta riƙe maka iyali. Ibadarsu kuwa tasu ce. Ka roƙi a ba ka lokacinka a wurin cin abinci bayan sun kammala addu'o'insu.

Hajiya Babba, Maraɗi:
Ɗana, kowa na ta zancen jawabi, ni yaran nake ji. Jawabi minti biyar ne. Wa zai ci gaba da yi musu yaren? Idan marigayiyar tana da ƙanne mata a raye, ka riƙa kai musu yaran, a ɗauki muryarsu a waya tun suna nan. Matarka ma ka sa mata ido sosai bayan baƙi sun watse, lokacin ne zafin rashin uwa yake sauka.

Malamin Tarihi a Houston:
Hajiya ta yi gaskiya. Hukumar ƙabilar tana koyar da yaren ta intanet, kuma duk shekara akwai babban taronsu a Tuskahoma, wajen farkon Satumba. Ka kuma bincika ko an yi wa yaran rajistar zama 'yan ƙabila. Ana bin sunan kakanni ne a kundin Dawes, wato tsohuwar rajistar 'yan ƙabila da gwamnatin Amurka ta yi.

Ɗan Kano a Oklahoma:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi magana da yayan matata, ya amince in yi nawa a wurin cin abinci. Ƙanwar marigayiyar ɗaya ce ta rage, tana McAlester, kuma ta ce ranar Lahadi in kawo mata yaran.