Shin zafi yana rage ƙarfin audugar Bt?

Ɗan Funtuwa: Assalamu alaikum malamai. Audugar Bt da aka amince da nomanta a Najeriya a 2018, wadda aka dasa wa ƙwayar halittar wata bakteriya don ta riƙa yin furotin masu kashe tsutsa, wato Cry1Ac da Cry2Ab, me ke sa a ga tsutsa a ƙwallonta idan zafi ya tsananta ƙarshen damina? Ƙwayar halittar da aka dasa mata ce ta ɓace?

Mai Iri: Wa alaikumus salam. Ƙwayar halittar tana nan daram. Abin da ke raguwa shi ne yawan furotin mai kashe tsutsar. Gwaje-gwajen da aka yi a Sin sun nuna cewa zafin digiri 37 na ma'aunin Celsius yana rage shi a ganye, musamman lokacin da auduga ke ƙwallo. Idan zafi ya matsa, shuka takan juya ƙarfinta ga furotin na kare kai, irin su HSP70, sai haɗa sauran ya ja baya. Sinadaran da ke farfasa furotin kuma su ƙara kuzari, su cinye wanda aka riga aka tara. Dama ko babu zafi Cry1Ac yana raguwa idan auduga ta manyanta, to ka ga abu biyu sun haɗu.

Malama Mai Bincike: Haka ne Malam, amma akwai ƙari. Makunnin da ke tayar da ƙwayar halittar, wato 35S, shuka tana iya liƙa masa sinadarin metil ta toshe shi. An ga haka a Kolon ta Jamus a 1990: furen fetuniya kusan 30,000 da aka sa wa ƙwayar launi daga masara, bayan tsananin zafi da yawansu suka koɗe. Don rarrabewa, a auna mRNA, wato saƙon da ƙwayar halitta ke aikawa don a haɗa furotin, da gwajin qRT-PCR, yawan furotin kuma da gwajin ELISA. Saƙo ya ragu, matsalar makunni ce; saƙo yana nan amma furotin ya faɗi, ko farfasawa ce ko haɗa shi ne ya ja baya.

Jami'in Gona: Ɗan'uwa, kada ka dogara da tsinken gwajin furotin da ake tsomawa a ruwan ganye, akwai ko babu kawai yake nunawa, ba ya faɗin yawa. A ɗebi ganye sa'annin juna daga saman shuka, da toho da ƙwallo daban-daban, a sa a ƙanƙara nan take, in ba haka ba furotin ya lalace a hanya, sakamako ya yi ƙarya. A gona kuwa, a riƙa duba ƙwallo sau 2 a mako, kada a bar auduga da ƙishi ko ƙarancin takin naitorojin. Idan ana samun tsutsa da ta girma tana raye, a yi feshi, domin guba mai rauni ita ke barin masu juriya su hayayyafa.