Ƙarin jini cikin gaggawa: abin da ma'aikatan asibiti suka tattauna a Katsina

Hirar ta taso ne kan mai jego da jini ya ɓalle mata, da waɗanda ake kwasowa daga haɗarin mota a hanyar Katsina zuwa Kano. Tambayar ita ce: na'urar da ke tura jini da sauri, irin su Belmont da Level 1, tana rage masa ƙarfin daskarewa?

Mafi yawa sun ce sanyi ya fi na'urar illa. Jinin banki a sanyin digiri 2 zuwa 6 na Salshiyos yake kwana, in aka ɗura leda bayan leda haka, jiki ya huce, jinin ya ƙi daskarewa. Na'urar kuwa tana ɗumama shi zuwa wajen digiri 37, wato ɗumin jikin mutum. Inda babu ita, an yi kashedi da babbar murya: kada a tsoma leda a ruwan zafi, ƙwayoyin jini fashewa suke yi.

An fi daɗewa kan sinadarin sitiret da ke cikin leda. Shi ke hana jini daskarewa a ajiya, ta hanyar kama kalsiyam, sinadarin da jini ke buƙata kafin ya daskare. Idan jini ya shiga da sauri, hanta ba ta iya share sitiret ɗin a kan lokaci, kalsiyam ɗin majinyaci ya faɗi. A ganina nan ne aka fi sakaci, domin auna kalsiyam da mayar da shi ba wuya.

Filatilet dai, wato ƙwayoyin da ke taimaka wa jini daskarewa, a ba shi ta layinsa daban. Ruwan Ringa, wani nau'in ruwan ƙarin ruwa, kada ya haɗu da jini a layi ɗaya, sai ruwan gishiri na ƙarin ruwa. Allurar tiranekzamik kuma, mai rage zubar jini, a yi ta cikin awa 3 da haihuwa ko jin raunin.