A taimaka da kalma kafin Juma'a: me za mu kira sikirif?

Malamin Kwamfuta, Birnin Kebbi: Salamu alaikum jama'a. Ina da aji ranar Asabar, takardar darasi kuwa dole ta isa wurin mai bugawa kafin a tafi masallaci ranar Juma'a. Ɗaliban akawuna ne da masu riƙe lissafi, yawancinsu daga injinan casar shinkafa da shagunan taki, Turancinsu na cin tuwo ne. Darasin shi ne yadda za ka sa kwamfuta ta riƙa shiga sabar, wato kwamfutar nesa da ke ajiye fayiloli, ta hanyar FTP ko SFTP, waɗanda ƙa'idoji ne na aikawa da karɓar fayil, ta sauko da fayiloli da kanta ƙarfe biyun dare, kai kana barci. Saukewa kowa ya san ta, fayil ma ya zauna. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne ɗan fayil ɗin nan da ake rubuta umarni a cikinsa layi-layi, wanda muke ce wa sikirif. Na sa "rubutu", na karanta sai na ji kamar na allo da ake wankewa a sha.

Ɗan Ƙaura: Malam ka bar shi sikirif mana. Ran da suka maƙale suka shiga YouTube neman mafita, wace kalma za su ji?

Mai Fassara a Rediyo: Jerin umarni. Ko takardar umarni. Na fi son na farko, don bin juna da layukan ke yi shi ne ruhin abin.

Baban Argungu: Wa alaikumus salam. Ɗana, ba sai an wahala ba. SALLAHU. In mutum za shi kasuwar Jega, kai ba ka samu zuwa, kak kira shi kac ce: ka biya wurin wane, ka amso min kaza, ka aje min wuri kaza. Mi kab ba shi? Sallahu. Abin ga naka shina da wani aiki da yaw wuce wanga? Kalma guda, ta gida, tsohuwa da yaro duk sun san ta.

Malamin Kwamfuta, Birnin Kebbi: Allah shi daɗe da ran Baba. Wallahi ta yi daɗin baki. Bari in kawo jimlolin da ke cikin takardar, kowa ya gwada tasa a gurbin:
"Buɗe ____ ka gyara layi na uku."
"Ka ba ____ izinin gudana."
"In ____ ya tsaya, duba fayil ɗin rahoto."

'Yar Gusau: Baba a gafarce ni, sallahu ya faɗi tun a jimlar farko. Ba a buɗe sallahu a gyara masa layi na uku. Amma abin da ya fi damuna daban ne. Wanda ka ba sallahu yana da hankali. In ya tarar da shagon a rufe zai tambayi maƙwabci, in ya ga buhun rabi ne ba zai ɗauko ba. Sikirif ba ya tambayar kowa. A lftp, wata manhajar sauko da fayiloli, akwai umarnin mirror, wanda ke sa jakar da ke kwamfutarka ta zama daidai da ta sabar. In ka ƙara masa --delete, duk fayil ɗin da babu shi a can sai ya goge shi a nan. Na taɓa zuwa gyara a wani ofis inda masu sabar suka kwashe tsofaffin fayiloli daga can don samun wuri, cikin dare sikirif ya bi ya share nasu na nan tas, kuma ya rubuta a rahoto cewa aiki ya kammala lafiya. Mai ofishin yana ta rantsuwa an yi masa kutse. Ba wanda ya taɓa shi, abin da aka rubuta aka aikata. Ina son kalmar da ɗalibi zai ji ya san abin nan ba ya tunani.

Baban Argungu: Ɗiyata, wanga laihin mai ba da sallahu na, ba na sallahu ba. Kowa ab ba wawa sallahu ya san abin da za shi gani.

Ɗan Ƙaura: To a kira shi "wawan aike" a huta 😂

Bakano Mazaunin Jega: Ni dai in ba da kuɗi a sayo mini abu a kasuwa, sautu na bayar. Kuma takardar darasi ai da daidaitacciyar Hausa ake rubuta ta. In aka fara da sallahu, gobe sai mu ga "hwayil" da "tahi ka amso" a littafin makaranta.

Baban Argungu: Madalla, an zo wurin. Wa ad daidaita ta? Malamanmu na Gwandu suna rubuta Hausa da ajami tun boko bai san hanyar ƙasar ga ba. Don Turawa sun zauna sun zaɓi bakin Kano, an buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya 1939, shi ke nan mu da munka gaji Kanta sai mu koma neman izini kahin mu yi magana? Kana zaune garinmu kana cin kihinmu kana gyara muna halshe.

Bakano Mazaunin Jega: Ranka ya daɗe, kifin da kuɗina nake saya. Kuma ban ce Hausarku ba Hausa ba ce. Cewa na yi in ɗan Haɗeja ko ɗan Bauci ya ɗauki takardar ya gane.

Mai Fassara a Rediyo: Sallahu ba ta Kabi kaɗai ba ce, Alhaji, ana jin ta har gabas. Sautu kuma ya fi karkata ga saye, nan kuwa ba a sayen komai. Amma ku duba abin da ya faru da kalmomin da suka riga mu. Na'ura mai ƙwaƙwalwa mun yi shekaru muna faɗa a labarai, kasuwa ta ce kwamfuta, kwamfuta ta zauna. Manhaja kuwa, wadda da a makaranta kawai ake jin ta, yau yaro mai sayar da kati ma ya san ta. Yanar gizo da intanet suna zaman kishiyoyi, ba wadda ta kori wata. Ba wanda ya isa ya ce ga wadda za ta kama tun daga zaure.

Ɗan Ƙaura: Kada ku manta da uwar garke. Na ga wata fassara an rubuta "an kasa haɗuwa da uwar garke", wai sabar ake nufi, na ɗauka shanu aka kore.

Baban Argungu: Uwar garke ta hi saba sau dubu. Saba mi? Sabawa da wa?

'Yar Gusau: Baba, uwar garke gaba take shiga sauran su bi ta. Sabar ba ta jan kowa, zaune take sai an ƙwanƙwasa. Ta FTP tana saurare a ƙofa ta 21, ta SFTP a ƙofa ta 22. Malam, tunda zancen ya zo nan, don Allah kada takardarka ta nuna musu kamar abu ɗaya ne an ƙara harafi. FTP tun 1971 aka fara tsara ta, ƙa'idar da ake bi yanzu ta 1985 ce, kuma sunanka da kalmar sirrinka a fili take aika su, duk wanda ya tsaya a hanya zai karanta. SFTP a cikin SSH take tafiya, wato hanyar da ke ɓoye saƙo tsakanin kwamfutoci biyu, komai a rufe. Akwai kuma FTPS, wato tsohuwar FTP da aka lulluɓe da TLS, wata hanyar ɓoye saƙo, ita ma daban. Chrome da Firefox sun cire FTP tun 2021, saboda haka ɗalibin da ya rubuta adireshin FTP a burauza ya ga bai buɗe ba, ba laifin sabis ba ne.

Malamin Kwamfuta, Birnin Kebbi: Na gode Hajiya, akwai wannan a shafi na biyu. Masu Windows zan ba su WinSCP, shi ma yana karɓar umarni daga fayil. Jama'a a dawo kan kalma, lokaci yana tafiya.

Baban Argungu: Kalma an ba ka tun da hantsi.

Ɗan Ƙaura: Baba mene ne jam'inta? Malam zai ce a rubuta guda uku. Sallahohi? Sallahai?

Baban Argungu: Sallahu ukku. Kai mi aj jam'in sikirif, sikirifofi? Yaran yanzu ku ara ku yaɓa, ko tankwasa kalmar ba ku iyawa.

Ɗan Ƙaura: Fayil fa, Baba? Fayiloli muke cewa, ba wanda ya mutu. Mota da tebur ma aro ne, bai hana mu cewa motoci da teburori ba. Ni abin da nake gudu shi ne yaro ya gama aji da kalmar da ba wanda ya sani sai mutum shida a zauren nan, ya je neman aiki Abuja a tambaye shi ya iya sikirif ya ce a'a, alhali ya iya.

Mai Fassara a Rediyo: Wannan gaskiya ce, shi ya sa a rediyo muke faɗin ta aron sau ɗaya a farko, sannan mu ci gaba da tamu. Na gwada jerin umarni a jimlolin Malam. Buɗe jerin umarni ka gyara layi na uku, ta zauna. In jerin umarni ya tsaya, ta zauna. Ta tsakiyar ce ta ɗan yi nauyi, amma laifin "gudana" ne. A ce "ka ba shi izinin aiki".

Bakano Mazaunin Jega: Jerin umarni Hausa ce da kowa zai gane. Na sa hannu.

Baban Argungu: Dole ka sa hannu, ba ta da gishiri. Wagga bayani ta, ba suna ba. Awa ka ce ma doki "dabba mai ƙahwa huɗu".

'Yar Gusau: Baba tsaya, ina ganin sallahunka yana da gurbi, ba dai nan ba. Abubuwa biyu ne muke ta cakuɗawa. Sikirif yana faɗin abin da za a yi, amma bai san agogo ba. Mai tayar da shi daban ne, cron a Linux, Task Scheduler a Windows. A cron layi ɗaya kake rubutawa mai gurbi biyar: minti, awa, ranar wata, wata, ranar mako. In ka sa 0 2 * * * sannan sunan sikirif, ka ce ke nan kullum ƙarfe biyun dare a tayar da wannan. Wannan layin shi ne ka bar wa wani saƙo ka tafi ka kwanta. Shi ne sallahu. "Ka bar wa cron sallahu." Ku ji yadda ta zauna.

Sai dai Malam ka ja musu kunne a kan abu uku. Cron da agogon kwamfutar yake aiki, in an saita ta a UTC, wato agogon GMT, to muna gabanta da awa ɗaya, biyunta ukunmu ne. In kwamfutar a kashe take lokacin, ba ya rama abin da ya wuce, ga mu kuma da ɗauke wuta. Na uku, kada su rubuta a sauko da fayil mai kwanan watan yau kaɗai. Mu nan mun ga lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara a Satumban 2021. Wanda ya rubuta "na yau" ran da sabis ya dawo fayil ɗaya zai samu, na sauran kwanakin sai ya bi su da hannu. Wanda ya ce a kawo duk abin da babu a nan, dare ɗaya ya cike giɓin. In kuma sabis ya yanke a tsakiya, umarnin saukewa na wget -c yana ɗorawa daga inda ya tsaya. Ni ina sa a sauke da sunan wucin gadi, sai ya kammala a sauya masa suna, don kada akawu ya buɗe rabin fayil da safe ya ɗauka lissafin ke nan.

Malamin Kwamfuta, Birnin Kebbi: Hajiya kin rubuta mini rabin shafi na huɗu kyauta, Allah ya saka. Kalmar sirri kuma na ce kada a rubuta ta cikin jerin umarnin, a yi amfani da makullin SSH, ko a sa ta a fayil ɗin .netrc a kulle da umarnin chmod 600, yadda mai shi kaɗai zai karanta. Kun ga har na fara cewa jerin umarni ban sani ba.

Baban Argungu: Wato kun ɗauke tsoka kun bar min ƙashi.

'Yar Gusau: Ƙashin da ɓargo, Baba. Ba cron ba abin da zai motsa.

Ɗan Ƙaura: Malam in za a buga, ka ba su PDF. Word yana maida -- ya zama dogon layi ɗaya, yana kuma lanƙwasa alamar zance. Ɗalibi ya kwafa haka ya ga ya ƙi aiki, ya ce malam bai iya ba.

Malamin Kwamfuta, Birnin Kebbi: Na ji. Ga abin da zan yi. A shafin farko zan rubuta cewa jerin umarni shi ne abin da masu sana'ar ke kira sikirif, daga nan jerin umarni har ƙarshe. Layin cron zan kira shi sallahu in ga yadda aji zai karɓa. Sabar tana nan yadda take, uwar garke a ɗaga ta zuwa wani zama, ba ni da ƙarfin wannan faɗan yau.

Mai Fassara a Rediyo: Ka gaya mana wadda ɗaliban suka riƙa faɗa da bakinsu bayan an tashi, ba wadda suka rubuta ba.

Ɗan Ƙaura: Sikirif za su ce. Na ci goro a kai.

Bakano Mazaunin Jega: Ba ni da ja. Amma a jimlar sallahun a rubuta "karɓo", kada a rubuta "amso".

Baban Argungu: Ɗana, in kar rubuta "karɓo" kusa ga sallahuna, hidda sallahun gaba ɗai. Ban yarda ba, kuma zancen jerin umarni ma ban ce na yarda ba, shiru kawai niy yi.