Likita ya ce ba na sakin ƙwai: in fara magani a Tawa ko in tafi Yamai?

Amaryar Tawa: Assalamu alaikum. Shekarata 3 da aure ban taɓa ko ɓatan wata ba, al'adata kuma sai ta yi wata biyu ko uku ba ta zo ba. Likita ya yi mini hoton ciki ya ce ba na sakin ƙwai, ya rubuta mini Clomid, maganin da ke sa a saki ƙwai, na kwana 5. Shin in fara sha, ko in bari sai na je Yamai an yi mini awon jini?

Hajiyar Koni: Wa alaikumus salam. 'Yata, ki jiƙa kanumfari ki dinga sha da safe, Allah ne mai bayarwa.

Maman Biyu: Ƙanwata, ni Clomid na sha wata 11 a jere, ina saye a hannun mai tallar magani, babu hoto babu awo, har idona ya fara ganin dishi-dishi. Kullum uwar mijina sai ta kalli cikina kafin ta amsa gaisuwata. Ya ƙara aure, amaryar ma shiru, sai a lokacin ya yarda aka auna maniyyinsa, ashe shi ma da tasa matsalar. Biyun da ake kirana da su 'ya'yan yayata ne.

Ungozoma: Ba a so a wuce wata 6 ana shan wannan magani. Rashin sakin ƙwai yana da dalilai daban-daban: ciwon PCOS, wato rikicewar sinadaran jikin mace, wanda kan zo da ƙiba da gashi a haɓa, ko yawan sinadarin furolaktin, ko matsalar maƙoƙo, kowanne da maganinsa, shi ya sa awon jini yake gaba.

'Yar Yantala: Jika 15 na biya awon furolaktin a nan Yamai.

Maman Biyu: Ni jika 8 aka karɓa.

Hajiyar Koni: Malama ungozoma, na haifi tara ba tare da furolaktin ba.

Ungozoma: Hajiya, kina da shi, da shi kika shayar da taran.

'Yar Yantala: An ce Clomid yana kawo tagwaye, sai ki tanadi raguna biyu.

Amaryar Tawa: Maigidana bai yi awo ba tukuna, ya ce shi lafiyarsa ƙalau.

Maman Biyu: Haka nawa ya ce. Ke za ki sha allura da hoto da gorin dangi, shi kuwa ɗan gwangwanin da za a miƙa masa yake jin kunya.