Me ya sa dawowa daga New York zuwa Landan ta fi tafiya sauri?

Sani Lawal:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga masu sanin harkar jiragen sama. A jadawalin jiragen da ke zirga-zirga tsakanin Landan da New York, tafiya tana cin kusan awa 8, dawowa kuma awa 7 ko ƙasa da haka, alhali nisan yana nan yadda yake. Shin juyawar duniya ce ke rage wa mai dawowa lokaci?

Injiniya Bashir:
Wa alaikumus salam, Malam Sani. Nisan da ke tsakanin biranen biyu kimanin kilomita 5,550 ne, kuma jirgin fasinja kan yi gudun kusan kilomita 900 a awa guda. Sai dai wannan gudun ana auna shi ne da iskar da jirgin ke ciki. A can sama, tsakanin kilomita 9 zuwa 12, akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, wadda a lokacin sanyi gudunta kan wuce kilomita 200 a awa. Mai zuwa Landan tana tura shi daga baya, mai zuwa New York kuwa yana kokawa da ita kamar mai tuƙa kwalekwale yana fuskantar ruwa. Juyawar duniya ba ta janye ƙasa daga ƙarƙashin jirgi, domin jirgin da iskar duk tare suke juyawa da ita, amma tana da hannu wajen karkata waccan iskar zuwa gabas.

Hajiya Rabi:
Injiniya ya yi bayani mai gamsarwa. Abin da zan ƙara shi ne, hanyoyin da jirage ke bi a saman tekun Atlantika ana tsara su ne kullum gwargwadon inda iskar take, shi ya sa mai tafiya yamma kan kauce mata ko da hanyar ta ƙara tsawo. A watan Fabrairun 2020, lokacin guguwar Ciara, wani Boeing 747 na British Airways ya iso Landan daga New York cikin awa 4 da minti 56.

Malam Usman:
A kula da agogo ma, Malam Sani, domin nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Lokacin da ke kan tikiti na garin tashi ne da na garin sauka, kuma Landan tana gaba da New York da awa 5 a mafi yawan shekara. Wanda ya tashi daga Landan ƙarfe 9 na safe ya sauka a New York ƙarfe 12 na rana ya yi awa 8 a hanya. Lissafin jadawalin ya haɗa har da mintunan da jirgi ke yi yana gangarawa a ƙasa kafin ya samu izinin tashi.