Turancin takardar 'yan sanda: a ina zan koya?

Mai shagon Alabar: Assalamu alaikum jama'a. Ranar Talata aka kama ƙanena kan wata waya da ya saya hannun wani yaro a kasuwar Kejetia, nan Kumasi. Alhamdu lillahi an ba da belinsa. Amma da aka miƙo mini takarda na ga "dishonestly receiving", sai na tsaya ina kallonta kamar ban taɓa shiga aji ba. Mama tun ranar ba ta cin abinci, wai an ce ɗanta ɓarawo ne. A ina mutum zai koyi irin waɗannan kalmomi?

Malam na Aboabo: Wa alaikumus salam. Allah ya kawo mafita. Ka gaya wa Mama ba a ce shi ya yi satar ba. Ana zarginsa ne da karɓar kaya alhali ya san na sata ne. Sai dai kada ku raina abin, don idan ya tabbata, hukuncinsa ɗaya da na wanda ya ɗauko kayan. Duk shari'ar tana kan kalmar "ya san". Idan yana da rasit, ko wani ya ga cinikin, ku riƙe shi da kyau.

Ɗaliba daga Asawase: Yaya, ka sauke dokar laifuffuka ta Ghana ta 1960, wadda ake kira Act 29. Kyauta take a shafin intanet na dokokin Ghana, wato GhaLII, a waya ma tana buɗewa. Kada ka dogara da finafinan Amurka, kalmominsu daban da namu. Su suna cewa "burglary", mu a nan fasa gida ko shago "unlawful entry" ne. Sata "stealing" ce a takardar tuhuma. Damfara kuwa, har da ta 'yan sakawa masu cutar mutane ta intanet, galibi "defrauding by false pretences" za ka gani.

Malam na Aboabo: Madalla 'yata. Ki ƙara masa da "robbery". Mutane suna haɗa ta da sata, alhali nisansu kamar sama da ƙasa. Da an sa ƙarfi ko barazana, ta zama fashi, kuma ɗaurinsa ba ya gaza shekara 10, da makami kuwa 15. Ko wajen kai ƙara mutum ya kula, kada ya ce an yi masa "robbery" alhali aljihunsa aka yanka a tasha.

Direban Akra: Ni a jarida na koya. Daily Graphic tana kawo labaran kotu, kuma laifuffukan sukan maimaita kansu. Ina da ɗan littafi a mota, kullum kalma biyu nake rubutawa kafin a gama lodi. A nan na gane "remand" tsarewa ce kafin a yanke hukunci, ba ɗauri ba.

Hajiya mai atamfa: Ɗana, ni abin da ya fi damuna ranar shiga kotu ce. Na zauna a shari'ar ɗan maƙwabciyata, aka tambaye shi, ya ce "guilty with explanation", a zatonsa cewa ya yi yana da bayani kawai. Ai amsa laifi ne ya yi! Alƙali zai saurari bayanin, in bai wanke shi ba shi ke nan. Uwarsa tana gefena tana murza carbi, ba ta san me ya faru ba sai da muka fito. Ƙanenka kada ya amsa komai sai ya gana da lauya, kuma kada ya sa hannu a takardar da ba a karanta masa ya fahimta ba.

Ɗaliba daga Asawase: Gaskiya ne Hajiya. Tsarin mulkin 1992 ya ce a sanar da wanda aka kama dalili cikin yaren da yake ji, a kai shi kotu cikin awa 48 ko a sake shi. A kotu kuma yana da haƙƙin tafinta ba tare da ya biya ko sisi ba. Ya ce Hausa yake so, ba abin kunya ba ne. In kuɗin lauya ya yi nauyi, akwai hukumar da ke taimaka wa marasa ƙarfi da lauya, wato Legal Aid Commission, suna da ofis a nan Kumasi.

Mai shagon Alabar: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yaron da ke gyaran waya kusa da shagona yana wurin aka yi cinikin, yanzu zan neme shi.

Hajiya mai atamfa: Ka ce wa Mama ina nan zuwa bayan Magariba, zan taho mata da koko.